Duro Guda Don Jirgi Ɗaya

Kawuna ya shekara talatin yana haɗa magani a asibiti, bai taɓa kuskure awo ba. Da ya yi ritaya sai ya koma harhaɗa ƙananan jiragen sama na roba, waɗanda ba su wuce tafin hannu ba. Da ya gama na farko, ya sayo 'yar bindigar feshi da kwalbar fenti ruwan toka.

Mai shagon ya ce masa, "Kafin ka zuba a ƙoƙon bindigar, ka sirka shi da ruwa har ya yi kamar madara. In ya yi kauri zai toshe bakin, in ya tsinke zai zurare."

"Madarar gwangwani ko ta gari?"

"Madara dai, ranka ya daɗe."

Kawu ba ya aiki da "dai". Ya ajiye kofin madara a gefe don gwaji, ya ɗiga ruwa uku a fentin. Ya yi kauri. Ya ƙara biyar, ya tsinke. Ya ƙara fenti. Ƙoƙon ya cika, ya juye a kofi. Kofi ya cika, ya ɗauko kwanon miya. Ranar Laraba ya kai ga bokiti. Kafin wata ya ƙare, duron tarar ruwan sama ya shigo falo, Kawu na motsa shi da sandar tsintsiya.

Matarsa ta leƙa duron, ta kalli jirgin.

"Maigida, wanka za ka yi masa ko binne shi za ka yi?"

"Saura ƙiris," in ji shi.

Wata safiya ya ɗaga sandar, fenti ya gangaro sumul. Ya ɗebi ɗigo tara, ya fesa jirgin tas cikin minti biyu. Sauran duron kuwa matarsa ta ce ba za a yi asara a gidanta ba. Ta sa muka shafe bango, ƙofofi, kujeru, tebur, firji, har da takalman da aka manta a bakin ƙofa.

Kawu ya ajiye jirgin ya sha iska, ya je wanke hannu. Da ya dawo, babu jirgi. Yana nan a falon, amma komai launinsa ne. Kwana shida muna laluben gida da hannu, muna tafiya a hankali kamar masu taka ƙwai.

A rana ta bakwai yayan matar ya zo gaisuwa. Mutum ne mai jiki. Ya zauna a kujera, muka ji ƙaras.

Kawu ya tashe shi, ya tsinci fiffike guda, ya kai bakin taga yana jujjuyawa a haske.

"Ku zo ku gani," ya ce cike da murna. "Ko zurara ɗaya babu."

Ya rungume surukin, ya hana shi tafiya sai da ya ci abinci.