Inda Muryar Ke Yankewa

"Yau a ina ta yanke?" Bakri ya tambaya, tun Jumare bai gama cire takalmi ba.

"Wurin nan dai, Baba. Da na shiga tsakanin duwatsu sai shuuu."

"Ɗayyib. Miƙo eriyar."

Jumare direba ne, mutumin Maraɗi, kullum yana jigilar kayan otal tsakanin Madina da Yanbu. Aibinsa ɗaya: da hanya ta miƙe sai gyangyaɗi. Rediyo kaɗai ke riƙe masa ido, ga shi kafil, ubangidansa, ya sa an cire doguwar eriyar motar, wai tana karo da rufin garejin otal. Ran nan Jumare ya farka ya tarar da tayarsa a kan tsakuwar gefen titi. Bai faɗa wa kowa ba sai maƙwabcinsa Bakri, Bahaushen Sudan, tsohon mai gyaran wutar mota, wanda ciwon ƙoda ya kwantar a ɗakinsa na Al-Azizya.

Tsohon kuwa kamar jira yake. Ya ɗora tiren shayi a cinya, ya shiga naɗa wayar jan ƙarfe a jikin guntun bututu, bai fi ɗan yatsa ba, zai haɗa masa gajeruwar eriya.

"Tsawon da suka hana ka a waje, a ciki za mu naɗe shi," in ji shi.

Sau shida ana gwadawa. Ciwo ya ci jikin tsohon, amma baki bai mutu ba.

"Kai, ya jari, maƙwabcina, in ka riga ni tafiya saboda barci, wallahi ba zan yi maka salla ba."

Ranar Laraba bayan la'asar Allah ya karɓi abinsa. Aka yi masa salla a Harami, aka kai shi Baƙi'a. Bayan kwana uku 'yarsa Huda ta tare Jumare a matakala da wani abu ƙunshe cikin hankici, tana gauraya Hausa da Larabci.

"Ammu, Abuya ya ce wannan taka ce. Ya ce khalas, ya gama."

Gajeruwar eriyar ce. Ya ɗaura ta da safe. Da ya doshi duwatsun sai ya riƙe numfashi. Mai karatu a rediyo ya ci gaba da jan aya, tar, har motar ta fita ɗaya gefen. Daɗi ya kama Jumare, ya gangara gefen titi ya zaro waya don ya ba da labari, har ya lalubo sunan Bakri.

Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya kifa wayar a kujera.

"Ba ta yanke ba, Baba. Allah ya saka."

Ya goge fuska da hannun riga, ya hau titi, idonsa a buɗe.