Dutsen da Baba Stratis Ya Nuna

Argiris mai aski ya zo tsibirin ne don neman auren Zambeta, ba don dako ba. Amma tun da ya sauka daga jirgin ruwa, duk wanda ya gaishe shi sai ya saci kallon damtsensa ya girgiza kai.

A garin su Zambeta ba a ba namiji mata sai ya ɗaga dutsen Orsandros, wani ƙaƙƙarfan mutumin dā, zuwa gwiwa, a gaban jama'a, ranar bikin coci. Ta taɓa faɗa masa haka can birnin Kavala inda suka haɗu, ya ɗauka zolaya ce. Wanda ya kasa sai ya jira baɗi, kuma masu jiran baɗi ba su cika dawowa ba. Shi kuwa bawan Allah, abin da ya saba ɗagawa bai wuce almakashi da reza ba.

Sai ya ce bari ya ga dutsen da idonsa. Ya je gidan kofi, inda tsofaffi ke zaune suna kaɗa carbin hira, ya tambayi Baba Lefteris mai gidan.

"Dutsen Orsandros? Yana bayan coci, ɗana," in ji Lefteris. "Da shi ya nutsar da jirgin 'yan fashin teku."

"Ƙarya kake, tsohon banza," in ji Zafiris masunci, bai ko ɗago kai ba. "Wanda aka jefa wa jirgi yana cikin ruwa. Ko kifi ne ya dawo maka da shi? Na gaskiya yana bakin rijiya. Da shi ya toshe bakin tsaunin wuta."

"To in da shi ya toshe, wa ya buɗe?"

Suka shiga musu, suka manta da mai tambaya. Ɗaya ya ce uban Orsandros yana cikin gumakan mutanen dā, wani ya ce makiyayi ne da ya ƙoshi da cuku. Abu guda kawai suka yarda da shi: maraya ya tashi, kuma duk duwatsun da ke warwatse a gangaren tsaunin, farare da baƙaƙe, shi ya watso su.

Argiris ya fito kansa na juyawa, ya tarar da Fada Pakomios, limamin cocin garin, yana shayar da tumatir.

"Ni ban san wani Orsandros ba," in ji fadan. "Zancen zamanin gumaka ne." Ya shafa kwankwaso. "Amma ni ma sai da na ɗaga kafin a ba ni uwar yarana."

"Wanne ka ɗaga, Fada?"

"Nasa mana."

Ya koma wajen Zambeta, ita ma babu sauƙi. Tana jera ɓaure a rana, ta ce mata ba sa zancen dutse, shi dai ya ci abinci. Da ya matsa, sai ta cusa masa ɓaure a baki. Wannan ya ɓata masa rai ƙwarai, don gani yake shi kaɗai ke tsoron rabuwarsu.

Ubanta kuwa, Baba Stratis, mutum ne da magana ke yi wa tsada. Argiris ya taɓa yi masa aski kyauta don neman shiga, ya zuba duk gwanintarsa, abin da tsohon ya ce daga farko har ƙarshe shi ne, "Bar gashin bakin." Kuma shi ne zai kai shi gaban dutsen ranar biki, haka al'ada take.

Da sassafe Argiris kan lallaɓa bayan coci ya gwada na Lefteris. Baƙi ne, bai fi tulu girma ba, amma ko gezau. Ya gwada na bakin rijiya, bayansa ya yi ƙara, wata tsohuwa mai ɗiban ruwa ta ce masa sannu. Ya fara tambayar kansa ko Kavala ta rasa 'yan mata ne. Amsar da yake samu kullum ita ce akwai su, Zambeta ce babu.

Ranar biki, bayan an fito daga coci, gari ya bi Baba Stratis. Ya wuce dutsen bayan coci bai dube shi ba. Ya wuce na rijiya. Argiris na biye, ya rasa ko murna zai yi ko kuka. Suka hau gangare har gindin wani tsohon zaitun, nan tsohon ya tsaya ya miƙa sandarsa.

Dutsen fari-fari ne, gansakuka ta rufe shi, ya ninka na bayan coci sau uku.

Uwar Zambeta ta rufe fuska da gyale ta fashe da kuka. Zambeta ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa. Argiris ya ce a ransa shi ke nan, an kore shi cikin mutunci. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne Zafiris, wanda ya matso ya daki bayansa yana cewa, "Kai, mai aski, me ka ba tsohon nan ya sha?"

Ya so ya juya. Amma ya ga in ma zai koma jirgi, gara ya koma da karyayyen baya da a ce bai taɓa ba. Ya tuɓe kwat, ya durƙusa, ya rungumi dutsen, ya rufe ido, ya tattara duk ƙarfin da Allah ya ba shi ya fizga.

Dutsen ya taso kamar kwandon burodi. Ya wuce gwiwa, ya wuce ƙirji, Argiris ya tafi da baya ya faɗi warwas, dutsen a kan cikinsa. Gari ya ɗauki shewa, mai goge ya fara kiɗa. Yana kwance ya ga inda gefen ya ɓantare: ciki duk ramuka ne kamar soso. Irin dutsen nan ne da yake goge wa mutane kaushi da shi a shagonsa.

Baba Stratis ya sunkuyo ya ture dutsen da hannu ɗaya, ya miƙa masa ɗayan.

"Baba," in ji Argiris ƙasa-ƙasa, "ban gane ba. Wannan ne na Orsandros?"

"Duka nasa ne. Uban yarinya ke zaɓa."

"Kai fa, wanne aka nuna maka?"

"Baƙi. Da shekara ta zagayo na dawo, aka sake nuna mini baƙi, da ƙyar na ɗaga." Ya kaɗe masa ƙurar riga. "Ranar da aka haifi Zambeta na zo na ga wannan, na sa masa ido. Ban san ko zan sami wanda zan nuna wa ba."

Argiris ya dubi Zambeta. Ashe dariya take yi tun ɗazu, hawaye na zuba. Amma akwai tambayar da ba ta bar shi ba.

"To shi Orsandros, wanne ya ɗaga?"

"Baƙaƙen," in ji tsohon. "Maraya ne, ba shi da mai zaɓa masa. Shi ya sa har yau ake zancen ƙarfinsa." Ya kama hannun Argiris ya nufi wajen 'yarsa da shi. "Kai kuwa ba mai tunawa da naka, ɗana. Zo mu je."