Bargo a Kan Batir

Auta na durƙushe a lungun da ke bayan ɗakin Baba, yana kwance murfin batirin, sai ƙarar ta sake tashi, siririya mai huda kunne. Ya leƙa fuskar inbata, na'urar da ke sarrafa wutar, ya ga jar fitila da gargaɗin nan dai, wai caji ya wuce ƙima. Rana kuwa ko tsaka ba ta yi ba.

Shi ya haɗa solar nan da hannunsa, tun da asibiti suka sallamo mahaifinsa da injin numfashi, suka ce kada a kuskura ya tsaya. Unguwar ta daɗe da manta kamannin wutar layi, don haka da rana faifan sola ke riƙe injin, da dare batir. Injiniya ake ce masa a gidan, rabi yabo rabi tsiya.

Ya fara da abin da yake fatan shi ne. Ya duba saitin inbata ko wani ya taɓa, lafiya lau. Ya bi wayoyi, ya ɗaure noti, ya kashe ya kunna. Da dabara ta ƙare, ya ɗauko mitar awon wuta ya bi ƙwayoyin batirin ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya ta kumbura, tana riga sauran cika, da ta cika sai na'urar tsaro ta kwarma ihu ta yanke caji, sauran ko rabi ba su sha ba. Batir na kukan ya ƙoshi, alhali da yunwa zai kwana. Maƙwabtan ƙwayar ma sun fara bin sahunta.

Zafi ne ya yi wannan ɓarna. Ya waiga, idonsa ya sauka a kan bargon da ya ture gefe ɗazu, bargon Inna mai kauri, wanda ko jikokinta ba ta bari su taɓa.

Inna ta leƙo, ta ce ai ita ke lulluɓa wa batirin tun da ya fara 'yar ƙara, don Baba ba ya samun barci sai da rana. Har ramukan iskar ta toshe da filo. Ba ta kira Auta ba, don ta san yana fama da aiki. Tana faɗa tana murmushin wadda ta yi dabara.

Auta ya zare filon daga ramukan. Da ta kira shi a lokacin, gyaran ba zai ɗauke shi shan ruwa ba. Haushi ya taso masa, tausayi ya danne shi, sai baƙin ciki ya zauna.

Ya kira dillalin da ya sayar masa, aka ce babu irinsa a shago, kaya na hanya, kuma hanyar nan ba wanda ya san tsawonta. Ya yi tunanin tsallake na'urar tsaron, ya dubi ƙwayar da ta kumbura, ya dubi bangon da Baba ke kwance a bayansa, ya tuna gobara, ya fasa. Abin da ya rage shi ne ya rage ma'aunin cajin, yadda gurguwar ƙwayar ba za ta kai ga ihu ba. Ya rage. Jar fitila ta koma kore, gidan ya yi tsit, sai hucin injin.

"Allah ya yi maka albarka," in ji Inna, tana ninke bargonta. "Yanzu zai kai mu asuba ko?"

Ya riga ya yi lissafin tun mitar na hannunsa, cajin ba zai kai ba.

"Yau a nan zan kwana, Inna," ya ce.

Ta yi murna, ta tafi shirya masa shimfiɗa. Shi kuwa ya janyo kujera ya taka, ya fara kwance ƙwayayen fitilun gidan don injin Baba kaɗai ya ci cajin, daga na ɗakinta ya soma.