Hoton Ƙwaƙwalwar Lauwali

Jami'in da ke tsaron boda ya zaro wata baƙar leda daga ambulan, ya ɗaga ta saitin rana, ya karkata kai.

"Hoton wa ke nan?"

"Nawa ne, yallaɓai," in ji Lauwali.

"Bai yi kama da kai ba."

"Ta ciki aka ɗauka."

Jami'in ya miƙa masa da sauri, ya goge hannu a wando, ya ce ya wuce.

Lauwali tela ne a Bagudo. Shekara guda yana neman auren Safina, wata bazawara a ƙetaren boda, ɓangaren Benin. Magana ta kusa faɗawa sai mahaifinta, Malam Ɗanmusa, ya aiko yana tambaya: wai gaskiya ne wan Lauwali, Ma'azu, ya taɓa samun taɓin hankali, kamar kakarsu?

Hankalin Lauwali ya tashi. Ya rufe shago, ya tafi har Sakkwato ya nace sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa. Likita ta gaya masa na'urar ba ta nuna irin wannan ciwon, kuma gado na iya taɓa wani ya tsallake wani. Bai saurara ba. Ya roƙe ta ta buga hatimi ko a bayan ambulan ne.

A zaure, Malam Ɗanmusa ya riƙe hoton a juye, ya daɗe yana kallo.

"Wannan ai kamar an ɓare goro."

"Lafiyayye ne, Baba. Ga hatimi."

"Tun daga Sakkwato ka ɗauko min kanka a leda?"

Lauwali ya fara rantsuwa cewa Ma'azu ma ya samu sauƙi, shekara huɗu yana shan magani, bana har shinkafa ya noma.

Tsohon ya ajiye hoton. Ya dubi ƙofar cikin gida, ya rage murya.

"Noma fa ka ce? Da hannunsa?"

"Buhu tara, Baba."

"Ni ba don in hana ka Safina na aika ba, yaro. Ƙanena na ɗaki a kulle shekara uku, kunya ta hana ni tambayar kowa. Wane likita ke duba Ma'azu?"

Lauwali ya laluba aljihu, ya ciro allin ɗinki, ya rubuta lambar likitan a jikin bango.

"Talata nake kai Ma'azu," in ji shi. "Akwai wurin ƙanenka a motar."

"To," in ji tsohon. "Bar min ledar nan kuma. Tagar ɗakinsa ta fashe."