Takwaran Mai Gidana

Shekara goma sha ɗaya muka yi da mai gidana, ban taɓa kiran sunansa ba. Haka na tarar a gidanmu a Mirriya. Uwata ba ta faɗin sunan ubana, kakata ma har ta koma ga Allah ba wanda ya ji sunan mijinta a bakinta. In ina son magana da shi sai in ce "Malam". In ya yi nisa in ce, "Wai ba ka ji ne?" Ko da muka zo Sabha, nan ƙasar Larabawa, na ga wasu matan na ƙwala wa mazansu kira daga saman bene, bakina bai saba ba.

Magini ne. Muna zaune a unguwar Sukra, a ɗaki ɗaya bayan gidan wata Balarabiya da nake yi wa wanki da shara. Allah bai ba mu haihuwa ba, kuma bai taɓa goranta mini ba.

Wani ɗan kwangila ya neme shi aiki a Tarabulus, ya ce ya hau jirgi, don hanyar mota shingen bincike ya yi yawa. To fasfo ɗinsa ya mutu tun bara. Sai ya je wurin amininsa Aboubacar, ɗan garinsu, mai aikin gonar dabino a Zighan. Tsayinsu ɗaya, baƙinsu ɗaya, har tsagen kumatunsu iri ɗaya ne. Aboubacar ya ara masa nasa fasfon, aka yanki tikiti da shi. Mutanenmu da yawa sun yi haka sun je sun dawo.

Da safen ranar tafiya ina ƙulle masa dabino a leda, ya ce in gwada shi.

"Gwada ka da me?"

"Ki kira ni da sunan takardar. Kar a kira ni a filin jirgi in tsaya ina waige-waige."

Na ce, "Aboubacar."

Bai ɗago ba, yana ta ɗaure takalminsa.

"Ka gani ko? Tun nan ka faɗi. Aboubacar!"

"Na'am!" Ya miƙe tsaye kamar soja, muka yi ta dariya. Sai ya ce, "Ashe bakin nan ya iya kiran suna. To saura nawa. Sau ɗaya tak, Kaoussara, in ji yadda yake a bakinki."

Na rufe fuska da gefen zane na ce, "Tafi kar awiyon ya bar ka."

Ya ce, "In na dawo sai kin faɗa." Ya saɓi jakarsa ya fita.

Wajen azahar uwar ɗakina ta kira ni falo, ta nuna mini talabijin. Larabcina na wanki ne da cefane, amma na gane. Wasu mutum uku masu bindiga sun ƙwace jirgin a sama, sun tilasta wa matuƙin ya sauka a wani fili can bakin teku. Ana nuna jirgin daga nesa, a tsaye cikin rana, ƙofarsa ɗaya a buɗe. Na zauna a ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma a hannuna har ya bushe. Bayan la'asar aka ga mutane suna saukowa a guje. Aka ce fasinja uku sun rasu, aka karanta sunayensu. Na ƙarshe shi ne Aboubacar Sanoussi, ɗan Nijar.

Uwar ɗakina ta san sunan mijina, don shi ya gyara mata katanga. Ta rungume ni tana cewa alhamdu lillahi, ba ya cikinsu, in tashi in sha ruwa. Na karɓi ruwan na sha.

Washegari Aboubacar ya zo daga Zighan, idonsa jawur. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya kasa shigowa.

"Matar yaya, ni na kashe shi. Da ban ba shi ba da yana nan."

Na ce, "Kwana ne ya ƙare."

Ya daɗe yana murza hularsa kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. In shurɗa, wato ƴan sandan ƙasar nan, suka ji ya ara wa wani fasfo, kuma a jirgin da aka yi wannan abu, kurkuku zai ruɓe. Za su ce da saninsa. Yana da mata da ƴaƴa biyar a gida. Ya roƙe ni don Allah da Annabi in yi shiru.

Na yi shiru. Aka binne mai gidana a can da sunan Aboubacar. Na yi takabata wata huɗu da kwana goma, uwar ɗakina na zaton ciwo nake, mijina kuma ya tsallaka teku ya manta da ni. Ƴan garinmu biyar ko shida ne suka san gaskiya. A wayoyin mutane kuwa labari ya bazu, cewa wani ɗan Nijar ya ba da ransa don ya ceci wata mata. A kasuwa na ji ana cewa, "Allah ya jiƙan Aboubacar, namiji ne." Nakan ce amin in wuce. In na dawo ɗaki sai in rasa addu'ar nan wa ta tarar. Malami ya ce mini Allah ya san bawansa, ba ya bukatar fasfo. Na yarda. Amma mutumin nan bai bar ɗa ba, bai bar gini da sunansa ba duk ginin da ya yi, ga shi kabarinsa ma na wani ne.

Aboubacar bai ƙara shiga gari da rana tsaka ba sai Jumma'a, cikin cunkoson masallata. Ya koma amsa sunan Ɗan Mirriya. Duk Jumma'ar farkon wata yakan biyo ya kawo mini dabino ko tumatir, ya zauna a kan bulo a tsakar gida, mu gaisa, ya tafi.

Wata Jumma'a, shekara guda da ƴan kwanaki bayan abin, yana zaune a kan bulon nan aka yi sallama. Wata mata ce doguwa da goyo a bayanta da ƙatuwar jaka. Daga jin Hausarta na san ta Nijeriya ce.

"Nan ne gidan matar marigayi Abubakar? Na sha yawo, wallahi. Wani mai shayi ne ya ce in zo nan in tambayi Kaoussara, ya ƙi ƙara mini ko kalma."

Na shimfiɗa mata tabarma. Ta ce sunanta Mubina, mijinta na sayar da atamfa da turare a kasuwar Sabha. Ta dubi Aboubacar, na ce ƙanen mai gida ne. Ta ce, "Ai ga kama nan. Sannu, Malam, ya haƙuri?" Ya amsa a ciki.

Ta ce, "Yaya, ni ce matar. Kujerarmu ɗaya da shi."

Ta kwance goyon ta ɗora a cinya, ta fara ba ni labari. A lokacin tana da ciki wata takwas, za ta ga likita a Tarabulus. Tun kafin jirgi ya tashi ta lura mutumin da ke gefenta ya riƙe hannun kujera kamar za a ƙwace masa.

"Na ce, Malam, hawan farko ne? Ya ce, Hajiya, shekara ashirin ina hawan bene, amma bene ba ya gudu. Wannan awiyon ɗin fa? Na ce, ku ƴan Nijar, jirgin ma sai kun sa masa sunan Faransa? Ya ce, ku da kuke cewa fulen fa? Ya ciro dabino ya ba ni."

Na ce, "Ni na ƙulle shi."

"Na ci uku. Ban manta ba."

Ta ce da suka sauka a filin nan aka kashe na'urar sanyi, jirgin ya zama tanda. Masu bindigar suna ta ihu a waya suna neman a zuba wa jirgin mai. Numfashinta ya fara sarƙewa. Mai gidana ya ciro kwalin da ke aljihun kujera yana yi mata fifita, yana ce mata ta yi ta salati, kar ta dubi bindigar, ta dubi hularsa. Da aka ƙi kawo man, ɗayansu ya ce zai tsayar da mutum a bakin ƙofa don na waje su ga da gaske suke. Ya zo ya damƙi hannunta, don mai ciki ta fi ba da tausayi.

"Sai mai gidanki ya miƙe. Wallahi, Yaya, jikinsa rawa yake, ina gani. Ya ce masa da Larabcin ƴan gini, bar ta, ga ni. Ya nuna cikina, ya nuna ƙirjinsa. Mutumin ya buge shi da gindin bindiga, bai zauna ba. Ya sake cewa, bar ta, ga ni. Sai mutumin ya sake ni ya ja shi. Da zai wuce ya ajiye mini kwalin a cinya ya ce, ci gaba da fifita."

Ya fi awa biyu a tsaye a bakin ƙofa. Da aka zo kuɓutar da su, wanda ya tsayar da shi ya harbe shi kafin a kama shi.

Ba wanda ya taɓa faɗa mini yadda aka yi. Na zauna ina jin hawaye na bin wuyana. Aboubacar ya kifa kai a gwiwa.

Mubina ta share ido, ta ɗago yaron ta ɗora mini a cinya. Ƙato ne, da haƙora huɗu, ya kama ɗankunnena nan take.

"Kwana goma sha tara bayan nan na haife shi. Babansa ya ce ba wani suna sai na mutumin nan. Ga takwaran mai gidanki na kawo miki. Abubakar, gai da Mama."

Na riƙe yaron. An yanka rago, an tara jama'a, an yi duk abin da ya kamata don kar a manta da shi, kuma sunan wani aka raɗa. Na ɗaga ido na dubi Aboubacar. Ya san ba zan faɗa ba. Na yi masa alkawari. Matar nan ban san ta ba sai yau, mijinta ɗan kasuwa ne, magana in ta shiga kasuwa ba ta dawowa.

Aboubacar ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya sa hula.

"Zan wuce masallaci, kar in rasa huɗuba." Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba. "Matar yaya, na ɗora miki kaya shekara guda. Sauke. Abin da Allah ya rubuta mini zai same ni." Ya fita.

Mubina ta ce, "Lafiya? Ko na faɗi wani abu ne?"

Na ce, "Ƙanwata, kin iya riƙe magana? Ran mutum na cikinta."

"Wanda ya ba ni raina da na ɗana? Ko babansa ba zai ji ba sai kin yarda."

Na ce, "Wancan da ya fita shi ne Aboubacar. Fasfonsa mai gidana ya ara."

Ta dafe ƙirji, ta dubi ƙofa, ta dubi yaron. Can ta ce, "Shi ya sa! Da na tambaye shi sunansa sai da ya yi jim, kamar mai tuno inda ya ajiye makulli. Na ce a raina wannan tsoro har ya mantar da shi sunansa." Ta yi dariya tana kuka. Sannan ta matso. "To yaya sunansa?"

Na duba tsakar gida. Ba kowa da zan ce ya faɗa mata, ba yaro, ba maƙwabciya. Na ce, "Sunan... irin na wanda ya yi galaba."

"Galibu? Mansur? Nasiru?"

Na girgiza kai.

"Yaya, na san kunya, ni ma ba na faɗin na nawa. Amma in ba ke ba wa zai faɗa mini?"

Na tuna shi a bakin ƙofar nan da jaka a kafaɗa. Na buɗe baki sau biyu ba abin da ya fito. Na uku na ce, "Mainassara."

Muryar ta fito ƴar ƙarama, kamar ba tawa ba. Na sake faɗa da ƙarfi, don in ji yadda yake a bakina. "Mainassara sunansa."

Mubina ta maimaita a hankali. Ta ce, "Sunan yanka ya riga ya zauna, ba zan iya tayar da shi ba. Kuma wanda ya fita ɗin nan ma bai yi abin da za a ƙi sunansa ba. Amma a gida ba wanda zai ƙara kiran yaron nan sai da Mainasara. In babansa ya tambaya in ce ai ya yi nasara ne, ya fito daga jirgin nan da rai. Wa zai yi musu?" Ta leƙa fuskarsa. "Mainasara! Kai, Mainasara!"

Yaron bai kula ta ba, yana ta jan ɗankunnena.

Na ce, "Haka mai gidana ma ya yi da farko. Sai an kira sau biyu."

Ta ce, "To kira shi ke ma, ya saba."

Na ce, "A'a, nawa ya ƙare, na biya abin da aka roƙe ni." Na ɗaga yaron na tsayar da shi a cinyata. "Sannu da zuwa, mai gida. Sakar mini kunne in ɗauko maka dabino."