Yuriya a Dunduniyar Kawu

Kawu mai lambu ya daɗe yana fama da faso, har dunduniyarsa ta yaga zanin gado biyu. Matarsa ta gaji da ɗinki, ta tura shi kantin magani.

Mai kantin ta duba ƙafar, ta miƙo masa farin mai a 'yar roba. Kawu ya sa tabarau ya juya bayan robar. A layi na biyu ya tsaya.

"'Yata, wannan yuriyar, ita ce takin da nake zuba wa kabeji?"

"Sinadarin ɗaya ne, Baba, amma wannan an tace shi. Yana riƙe ruwa a fata, ya tausasa kaushi."

Kawu ya ce, "Ina da rabin buhu a gida."

"Kada ka kuskura."

Bai kuskura ba. Ya riƙa shafa man safe da yamma, cikin mako uku fason ya rufe. Duk da haka kullum sai ya ɗaga ƙafar ya ƙura mata ido. Matarsa ta tambaye shi me yake nema.

"Ba komai," in ji shi. "Ina duba ko ta fara ganye."