Kawar Malam Zulkifli

Malam Zulkifli ma'aikacin sashen kiwon kifi ne, cikin waɗanda aka dawo da su daga Sakkwato da aka ƙirƙiro jihar Kabi. A falonsa na Gwadangaji akwai tankin gilashi cike da ruwan gishiri, da duwatsun murjani, da ƙananan kifaye huɗu, sai wata ƙatuwar kawa ta teku, mai ɓawo biyu kamar akushi, naman bakinta shuɗi da ɗigo-ɗigon kore. Tana 'yar mitsitsiya ya zo da ita cikin bokiti daga Fot Sudan, inda ya yi karatu. Shekara bakwai yana haɗa mata ruwa da hannunsa.

Cikin zafin watan Afrilu taransifomar unguwar ta ƙone. Kwana biyu janareto ya riƙe famfon tankin, rana ta uku mai ya ƙare, gidajen mai kuma duk a rufe. Kafin hantsi ruwan ya yi ɗumi kamar na wanka, kawar ta fara janye namanta ciki.

Ya zagaya unguwannin Nasarawa da Badariya neman ƙanƙara, kowa ta firjinsa ta narke. Ya dawo ya miƙa wa matarsa Adawiyya kofin silba.

"Ki riƙa ɗibar ruwan tankin kina zubawa daga sama, iska ta shiga. Don Allah kar ki tsaya."

"Malam, ina za ka cikin wagga rana?"

"Argungu."

Ya zuƙo ɗan man da ya rage a babur ɗin maƙwabci ya ƙara a nasa. A Argungu ya sami Maigandi, dattijon da ke adana kifin giwan ruwa cikin ƙanƙara kafin a kai kasuwa.

"Baba, ka taimake ni da dunƙule biyu. Rai ne."

Maigandi ya miƙe da sauri. "Subhanallahi! Wa ba ya da lahiya?"

Da ya ji bayani sai ya tsaya yana kallonsa. Bai ƙara tambaya ba, ya naɗe masa biyu cikin buhu da ɓuntun shinkafa.

Tun kafin rabin hanya ruwan sanyi ke zuba a ƙafarsa. Ya cire rigarsa ya lulluɓe buhun, ya ci gaba da singileti. Da ya iso, abin da ya rage bai fi bulo ɗaya ba.

Adawiyya na nan tsaye, kafaɗarta ta sage, ta canza hannu. Ya farfasa ƙanƙarar, ya ƙulla cikin leda don kar ta tsinka gishirin, ya jera saman ruwan. Kawar ta wangame baki, naman ya koma fari. Ya gitta tafinsa a samanta, domin ko inuwa ta gani takan tsuke. Ba ta motsa ba. Ya sake, ya sake. Ya tura hannu ya matse ɓawon biyu, yana saki suka buɗe.

"Ƙila sanyin bai kai mata ba tukuna," ya ce.

"Malam, tun azahar nike jin warin. Kifayen ga ma sun taso sama."

Ya duba, ga su suna haki a bakin ruwa. Ya daɗe tsaye. Sannan ya sa hannu biyu ya ciccibo kawar daga tankin, ruwa na bin gwiwar hannunsa, ya rasa inda zai ajiye ta. Adawiyya ta jawo farantin tangaran na baƙi ta tara masa.